Ranar da Na Goge wa Safiya Kwazazzabo

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na shafe kwazazzabo guda da hannuna, ko gumi ban yi ba.

'Yata Safiya tana shekarar ƙarshe a jami'a. Aikin kammalawarta taswirar tsohon burtali ce, wanda makiyaya ke bi daga tudun Jos su gangaro ta bayan Ushafa. Saura kwana uku ta miƙa. Ta shimfiɗa takardar a ɗakinmu na Durumi, ta fita sayo tawada.

Na leƙa. Sunayen garuruwa tsaf, na karanta su ɗaya bayan ɗaya (wata takwas na yi a ajin yaƙi da jahilci, kada a raina ni). Amma tsakiyar duk layukan fensir ne a cukurkuɗe, kamar kaji sun yi tono. Malamarmu kuwa kullum cewa take, aiki mai datti ba ya cin maki. Na ɗauko magogi, na yi bismilla, na goge su fes. Har da hure ƙurar.

Tana dawowa ta dafe ƙirji.

"Inna! Ina kwazazzabona?"

"Wane kwazazzabo kuma? Datti na share miki."

"Layukan nan su ke nuna tudu da kwari! Inda suka matsu, gangare ne mai tsanani. Mako biyu ina zana su!"

Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ta zauna sake zane tana jan majina, ni ina danne mata gefen takarda, ko tari na kasa. Can sai na ga ta ja burtalin ya ratsa tsakiyar matsattsun layukan.

"In nan ne gangaren, saniya ba ta sauka ta nan," na ce a hankali. "Ina 'yar shekara tara na bi hanyar nan da Baffana da shanunmu. Zagayawa ake yi ta filin ciyawa, a shayar a rafi, sannan a haura."

Ta dubi layin da ta ja, sannan ta miƙo hannu. "Ba ni magogin."

Ranar da ta je kare aikin a gaban malamai, malaminta ya ɗora yatsa daidai kan zagayen nan. "Wa ya nuna miki wannan? Tsohuwar taswirarmu ma ta kuskure shi."

"Innata ce, Malam."

Ta ci, har da yabo. Sunana na shafin godiya, kuma da kaina na karanta shi, sau bakwai.

Amma na yi hankali. Yanzu ko kaza ce ta yi zane a tsakar gida, sai na tambayi Safiya kafin in ɗauki tsintsiya.