Yadda Za Ka Gano Masu Shanye Intanet Ɗin Ofis Ba Tare da An Kore Ka Ba

Idan ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari kafin a tashi daga aiki za ka san kowace na'ura da ke maƙale da intanet ɗin ofishinku. Ban ce sanin zai amfane ka ba.

1. Ka jira ran Manaja ya ɓaci

Kada ka kawo shawarar da bakinka. Ka bari sai ranar da yake taro ta bidiyo da manyansa, hoton ya tsaya cak ya bar shi baki buɗe. Zai fito yana huci: "Wa ke shanye mana intanet? A nemo shi a katse shi, ko da ubana ne!"

Ka ce, "An gama, ranka ya daɗe." Ka tabbata akwai shaidu a wurin. Umurnin da aka bayar cikin fushi, marayan umurni ne.

2. Ka shata wa manhaja iyaka

Buɗe manhajar kula da na'urori, ka shiga sashen da take nemo su da kanta. Duk abin da ya hau layin ofis yana da lambar adireshi, don haka za ta tambaye ka daga wace lamba zuwa wace za ta bincika. Mai hankali ofisoshin ma'aikata kaɗai yake ba ta. Kai ka ba ta duka, tunda yabo kake nema. Ka kuma sa ta riƙa maimaita binciken ba sai an ce mata ba. Manhaja ba ta gajiya, ba ta da suruki, ba ta jin nauyin kowa.

3. Ka danna, ka ɗaure fuska

Akanta, mai riƙe da kuɗin ofis, za ta zo ta tsaya a kanka, wai biro take nema.

"Ƙanena, wannan abin sunan mutum yake nunawa, ko lamba kawai?"

Ka ce, "Har launin waya, Yaya."

Ƙarya ce, amma za ka ga ta koma teburinta da sauri, masinja ya shige banɗaki da wayarsa, intanet kuma ya fara samun sauƙi tun kafin a ba shi magani.

4. Ka karanta abin da ta samo

Za ka ga talabijin ɗin mai askin da ke jikin ofis. Za ka ga wayoyin telan tsallaken titi da na abokan hirarsa. Sama da su duka akwai wata waya da ba ta sauka daga layin ba tun safe, ita kaɗai ta fi sashen kuɗi ci. Sunanta "Iya" kawai.

A gefe akwai wurin da aka rubuta a katse duk na'urar da ba ta ofis ba. Ka danna. Ka jingina da kujera. Wannan shi ne lokaci mafi daɗi a aikinka, ka more shi, gajere ne.

5. Ka miƙe tsaye idan ta shigo

Tsohuwa ce, da sanda a hannu ɗaya, waya a ɗayan. Gidanta ne ke bayan katangar ofis. Mai gadi ba zai tare ta ba, shi ma yana da iyali.

"Ina wanda ya katse mini jikata? Yarinya ta saki kujera za ta taka, ƙafa ɗaya a sama, sai hoto ya mutu. Daga wata ƙasa ake nuna mini ita!"

Manaja zai fito. Sai a lokacin za ka lura hancinsu iri ɗaya ne.

"Iya, ki yi haƙuri, mu shiga ciki."

"Ba inda zan shiga, Auta. Ba kai ka sa mini lambobin sirrin da hannunka ba?"

Kada ka dubi kowa. Duk wanda ya ji an kira Manaja Auta bai ji ba. Idan ya juyo kanka, ka tuna masa a hankali cewa shi ya ce a katse. Zai ce, "Ubana na ce."

Kada ka yi musu. Gaskiyarsa ce.

6. Ka gyara kuskuren manhaja

Durƙusa ka gaishe ta, ka karɓi wayar da hannu biyu, ka mayar da ita kan layi. Ka tsaya har jikar ta dawo. Ta riga ta taka, ta faɗi, tana kuka. Iya za ta ce a ɗaga ta a sake, kuma za a sake, ofis gaba ɗaya na leƙe ta kafaɗarta.

To amma manhaja za ta sake bincike, ta sake katse ta. Saboda haka ka shiga ka canza wa wayar suna zuwa "Babbar Firinta, Kada a Taɓa", ka sa ta cikin kayan ofis. Mai aski ka bar shi a katse. Dole wani ya ɗauki laifin, kuma ba shi da ɗa a ofis.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya, har da askin da za a yi maka a karkace. Idan masu binciken kaya suka zo daga hedikwata suka ce a nuna musu babbar firinta, ban san ka ba, ba ka san ni ba. Ka zagaya da su bayan katanga, ka ce su cire takalmi kafin su shiga.