Dama a Kan Hagu

Hatsue Kuwabara shekarunta saba'in da takwas, kuma fiye da talatin daga cikinsu ta yi su ne tana wanke gawa tana sa mata suturar ƙarshe, a wani ƙaramin gari da ke gindin duwatsun Nagano a ƙasar Japan. Ta ajiye aikin da daɗewa. Watannin baya masu shirya wasan samurai, mayaƙan zamanin da, na ranar Lahadi suka zo garin ɗaukar kashi na ƙarshe, suka nemi tsofaffin da za su cika fili. Ta ba da sunanta.

Wasan ya shekara ana nuna shi a talabijin, ya ƙare Lahadin da ta wuce. An ci jarumin, Sagoro, da yaƙi. Ya gangaro daga dutse shi kaɗai, ya shiga wani ƙauye, wata tsohuwa ta miƙa masa ruwa a moɗa, ya sha, ya yi murmushi, aka rufe. Tsohuwar nan Hatsue ce. Kafin gari ya waye masu kallo sun rabu biyu a kan gaban rigarsa. Kowa a ƙasar ya san mai rai hagu yake ɗorawa a kan dama in ya sa kimono, doguwar rigarsu ta gargajiya, gawa ce ake ɗora wa dama a kan hagu. Rigar Sagoro dama ce a kan hagu.

Ranar Laraba da hantsi jikanta Ryohei ya zo. Aurensa saura 'yan makonni, kuma tun yana makaranta Hatsue ta ce ita za ta sa masa baƙar kimonon kakansa ranar biki. Ta riga ta fito da ita daga akwati, ta rataye ta tana shan iska. Shi kuma ya zo ne ya ɗauke ta ya kai wa masu shirya angwaye a birni.

"An tashi lafiya, Kaka? In dai an tashi ɗin, tunda rabin ƙasar nan sun ce ba kya cikinmu."

"Cire takalmi ka ja mini ƙofa, ɗumi na fita. Lafiya lau na tashi. Na raka waɗanda suka fi ka ƙiba makabarta."

"A waya cewa suke ke ce mai gadin bakin kogin lahira. Wani ya ce ruwan da kika ba Sagoro na mantuwa ne. Wani kuma ya ƙara girman hoton fuskarki, ya ce babu yadda za a yi mai rai ya yi irin wannan kama."

"Aikin mai kwalliya ne. Ta daɗe a kaina kafin ta samu wannan fuskar."

"Ina wurin fa. Ta dube ki ta ce a bar ki haka, kin yi."

"Fuskar da kake gani ita ce taka nan gaba, sai dai taka za ta zo da sanƙo. Zauna."

Ya zura ƙafafu ƙarƙashin bargon teburin ɗumi. Ta tura masa kwandon lemo, ta zuba shayi. Tun shigowarsa ta ga ƙyallen naɗe kaya a hammatarsa, ta kuma ga yadda idonsa ke zuwa kan rigar yana dawowa. Ta yi kamar ba ta gani ba.

"Matar mai awara ta zo jiya," ta ce. "Matar da in na wuce ƙofar shagonta take watsa gishiri a bayana, wai tana kore ƙazantar gawa. Ta rusuna har goshinta ya kusa taɓa ƙasa, ta ajiye mini awara, ta ce in rubuta mata sunana a jikin mafici."

"Kin rubuta?"

"Na rubuta. Na ce ta adana, wata rana zai yi tsada."

"Kin ga shehun malamin da ya fito a talabijin? Ya ce rigar nan ita ce magana mafi zurfi da aka taɓa yi a kan yaƙi ba tare da an buɗe baki ba."

"Mutum mai ilimi ke nan."

"Daraktan ma an tare shi a bakin mota. Ya kalli ƙasa, ya daɗe, sannan ya ce ya bar wa mai kallo."

"Mai kunya ne. Manyan masu fasaha haka suke."

"Kaka, bai san abin da zai ce ba ne. Ni kuwa na sani. Ni na kai ki a mota, ni na riƙe miki lema. Na ga rigar ta warware lokacin da mutumin ya sauka daga doki. Na ga mai kula da tufafi ta tafi neman wani abu, rana na faɗuwa, darakta na ta ɗaga murya. Na ga ɗan wasan ya juyo wajenki."

"To, ya juyo. Ya ce, 'Iya, ko za ki gyara mini?' Yaro mai ladabi, ba irin wasu ba."

"Sai kika yi masa suturar tafiya."

"Kai ka ga yadda ya tsaya? Ya rufe ido, ya saki hannuwa, ga fuska an shafe ta da farar hoda, ga jini a wuya. Ko numfashi ba ya yi, wai yana shiga halin Sagoro. Me kake so hannuna ya ɗauka? Hannu ya ga aikinsa ya yi."

"Mutum yana tsaye fa."

"An taɓa kawo mini wanda ya sandare a zaune. Ba na tambayar yadda mutum ya zo."

Ryohei ya ƙware da shayi. Ta bari ya gama tari, ba ta buga masa baya ba.

"Kin kashe jarumin ƙasa gaba ɗaya," ya ce. "Dubban mayaƙa sun bi shi shekara guda da mashi da kibiya, ba su same shi ba. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta gama da shi kafin ya sha ruwa."

"Gata na yi masa. Da na bar shi da rai wa zai tuna da shi? Ya sha ruwa, ya yi murmushi, kowa ya kashe talabijin ya tafi wanka. Yanzu har a jirgin ƙasa faɗa ake yi a kansa. Kamata ya yi su aiko mini da kwalin kayan zaƙi."

"Maman Chinatsu ta ajiye furen makoki a gaban talabijin."

Chinatsu ita ce amaryar, 'yar gidan Aoyagi. Hatsue ta ɗauki lemo tana ɓarewa.

"Tana ɓangaren masu cewa ya mutu tun a fagen yaƙi, ƙauyen nan kuma lahira ce. Baban Chinatsu yana ɓangaren masu cewa kuskure ne. Tun Lahadi ba sa yi wa juna magana sai ta bakin 'yarsu. Kuma yanzu idon matar nan ya buɗe a kan gaban riga. Ko mai kawo jarida ya zo, wuyansa take fara dubawa. Ki duba in fito ranar biki, gefen 'yarta, gaban danginsu kaf, dama a kan hagu."

"Sai ta ce auren yana da zurfin ma'ana."

"Sai ta suma."

"In ta suma ina kusa. Na san yadda ake kwantar da mutum."

"Abin da nake tsoro ke nan."

"Tukuna ma, me ka ce musu ina yi kafin na tsufa?"

Ya sosa ƙeya. "Na ce harkar tufafi."

"Harkar tufafi. Ka ji ɗan jarida. Kai da aka haifa da kunnuwa kamar murfin tukunya, ni na riƙa danne su da ɗankwali har suka kwanta. Da ban yi ba da Chinatsu ta ganka ta zaci tulu ne mai hannu biyu."

"Kunnuwan naki ne, Kaka. Kowa ya ce."

"Nawa suna jin magana."

Ya shimfiɗa ƙyallen a kan tabarma, ya miƙe ya nufi rigar. A birni akwai wani shago, ya ce, aikinsu ke nan, angwaye suke shiryawa tun safe har yamma, ba a taɓa jin sun kai kowa makabarta ba. Ita kuma ranar sai ta zauna a sahun gaba ta huta, a kawo mata kifi.

Hatsue ta ajiye lemon. Rigar ta fi shekara goma a akwati. Duk bazara takan fito da ita ta duba ko asu ya taɓa, ta sake naɗewa a takarda.

"Kakanka bai taɓa bari na ɗaura masa rigar nan ba," ta ce. "Ko wata riga ma. Yakan ce hannuna da sanyi. Sai ranar da ba shi da bakin hanawa na sa masa fara. Uwarka kuwa, ranar da ka cika shekara biyar aka kai ka wurin ibada, maƙwabciya ta kira ta shirya ka, ina zaune a ɗaki ɗaya. Ban ce komai ba. Ɗan wasan nan shi ne mai rai na farko da ya taɓa ce mini in gyara masa riga."

Ryohei ya tsaya da hannu a kan kafaɗar rigar.

"Kuma kin ga yadda ta ƙare," ya ce a hankali.

"Na gani. Ƙasa gaba ɗaya ta gani."

Ya buɗe baki zai ce wani abu mai taushi. Ta gane daga yadda girarsa ta sauko, kuma ba ta son irin wannan kallo a gidanta.

"Ɗauki ka tafi," ta ce. "Kana fita zan kira 'yan jarida. In ce ni na kashe Sagoro, ba darakta ba, ba zurfin ma'ana ba. In ce jikana yana tsaye da lema yana kallo, bakinsa cike da shinkafar 'yan wasa, bai ce uffan ba. In ba su sunan gidan da zai yi aure."

"Ba za ki yi ba. Matar mai awara za ta dawo da gishirinta."

"Na saba da gishiri. Kai ka saba da surukarka? Chinatsu ta kira ni. Ta ce kana gidansu aka kalli ƙarshen. Uwarta na kuka, ka miƙa mata hankici. Ta ce har ka ƙara da cewa kai ma tun farkon kashin ka ji a jikinka mutumin ba na duniya ba ne."

"Na faɗa ne don..."

"Ta ce kai ka kai uwar tata shagon fure a mota. Kai ka zaɓi farare."

Ya dube ta, ta dube shi. Sai dariya ta ƙwace masa, ya zauna daɓas a kan ƙyallen da ya shimfiɗa, yana riƙe da ciki.

"Gaskiyar mutanen waya ne," ya ce. "Ke ba mutum ba ce."

"Cire wannan rigar sanyin. Mu gwada yanzu. In na yi daidai rigar ta kwana a nan. In na kuskure ka kai wa masu shagonka."

Ya cire. Ta sauko da kimonon, ta ɗora masa a kafaɗa, ta daidaita ɗinkin baya da tsakiyar gadon bayansa. Tsawon ya yi masa cif. Ta zagayo gabansa ta kama ɓangarorin biyu. Ya miƙe sambal, ya saki hannuwa, ya rufe ido. Hannuwanta suka tafi da kansu, da sauri, babu ko gargada.

Ya buɗe ido ɗaya ya leƙa ƙirjinsa.

"Kaka. Na rasu."

Ta duba. Dama a kan hagu, a miƙe tsaf, babu ko lanƙwasa.

"Wa ya ce ka rufe ido? Wa ya ce ka daina numfashi? Wannan ba ya cikin lissafi."

"Kin ce in kin kuskure..."

"Na ce in na kuskure. Wannan kai ka kuskure. Yi ta magana, kada ka yi shiru. Faɗi sunayen dangin matarka."

Ya fara jero su, yana dariya. Ta warware rigar. Ta tsaya jim tana kallon hannuwanta, sannan ta bar gabansa ta koma bayansa. Kanta bai kai kafaɗarsa ba. Ta zura hannuwa ta ƙarƙashin hammatarsa, kamar ita ce za ta sa wa kanta, kumatunta a jikin bayansa, inda take jin muryarsa tana fita da ɗumi. Ta kwantar da dama, ta ɗora hagu a kai. Ta naɗa ɗamara a ƙugunsa ta ja.

"Wash. Kaka, ya matse. Ba na iya numfashi."

"Kai ne na farko da ya taɓa yi mini ƙorafi," ta ce.

Ta ƙara jan ɗamarar, ta ƙulle.