Kamfani Ya Yi wa Tsohuwarmu Ritaya

Jama'a, ranar Litinin da ta wuce ina idar da sallar asuba na ɗauki jarka na nufi gidan mai. Ni ne na goma sha tara a layi. Rana ta take, saura mutum biyu a zo kaina, sai ga wata farar mota mai baƙin gilashi, a bayanta akori-kura da duro huɗu. Aka ce mu matsa, man Ranka-ya-daɗe ne. Muka matsa, ai mu mutane ne masu ladabi. Ana cika duro na huɗu famfo ya yi tari ya ɗauke. Na koma wurin 'yan bumburutu na sayi galan ɗaya mai launin ruwan tsamiya, na yi Sabon Gari da shi.

Man ba nawa ba ne, don ko keke ba ni da shi. Na janareton sutudiyon abokina Ishaya ne, inda nake rubuta waƙoƙin talla shi kuma yana ɗora musu kiɗa. Sutudiyon ɗaki ɗaya ne, an lulluɓe bangonsa da kwalin ƙwai. A kusurwa akwai kwamfuta, a cikinta akwai manhajar haɗa kiɗa da muke kira Tsohuwa. Shekara shida ina zaginta. In ka ce ta buɗe sai ka je ka sha shayi ka dawo tana nan tana tunani. In mawaƙi ya kai inda waƙa ta fi daɗi, nan take sandarewa. Sau ɗaya ta haɗiye waƙar mawaƙan coci guda, mutum ashirin da uku, bayan sun yi wuni suna rerawa. Ranar na rantse duk ranar da aka rabu da ita zan yi sadakar ƙosai.

Ina shiga na tarar da Ishaya zaune da wasiƙa a hannu.

"Malam Attahiru, je ka sayi ƙosanka," in ji shi. "Kamfanin da ya yi Tsohuwa ya ce ya daina yin ta. Ba gyara, ba sabon faifai."

Faifan nan ɗan ƙarami ne, shi ake zura wa kwamfuta kafin manhajar ta yarda ta buɗe. Namu ya fara ƙara kamar ƙofar langa-langa. A da in ya lalace kamfani kan aiko da wani. Yanzu in ya mutu, Tsohuwa ta bi shi.

Na buɗe baki zan yi hamdala, sai na fasa. Na tuna Labbo.

Labbo makaɗin kalangu ne daga Furfuri. Shekara uku da suka wuce Ishaya ya lallabe shi ya zo ya buga mana kalangu, bugu ɗaya-ɗaya, Tsohuwa tana ɗauka tana ajiyewa, don duk waƙar da ke son kalangu mu ɗora nasa. Da ƙyar ya yarda. Ya daɗe yana harar kwamfutar kafin ya ce, "Wanga akwati, in ya ci kiɗina, mi zai bar min?" Muka sa masa abin da ya buga, ya saurara, ya gyaɗa kai ya ce, "To, ya iya. Amma ku hwaɗa mai ya rage gaggawa." Labbo ya rasu da daminar bara. Bugu ɗari biyu da wani abu na hannunsa suna cikin Tsohuwa, kuma babu wata manhaja da ta san yadda ake buɗe su.

Ishaya ya ce kada in damu, ai manya sun kafa Kwamitin Zamanantar da Kiɗa, kuma ranar Laraba za su raba wa masu sutudiyo sababbin kwamfutoci. Allah ya saka wa manyanmu. Mutum yana kwance suna tsaye a kan matsalarsa.

Laraba muka je. An kafa rumfa shida, an yanka sa biyu, an buga kalanda da huluna da hoton Mai Girma Sarkin Yanka Ƙyalle yana murmushi. An ce ƙarfe goma, ya iso bayan la'asar. Ya yi jawabi cewa zamanin fata da igiya ya wuce, duniya ta shiga kwamfuta, kalangu kayan jiya ne. Yana faɗar haka makaɗansa biyar suna bayansa da kalangai, duk inda ya tsaya shan iska su kaɗa masa take. Sai aka yaye ƙyalle. Kwamfuta ɗaya ce, ta Gusau da Tsafe da Bungudu baki ɗaya. Wani mai kwat ya danna ta don mu ji kalangun zamani. Abin da ya fito, wallahi kamar akuya ta taka kwanon sha. Muka yi tafi. Ana tashi aka saka ta a but ɗin motar Mai Girma, wai don tsaro.

Washegari na bi sawu. Sakataren kwamiti ya ce fom yana Tsafe. A Tsafe aka ce hatimi yana Bungudu. A Bungudu na tarar da mai hatimi ya tafi taron ƙara wa juna sani a kan sauƙaƙa wa jama'a. Na dawo wurin sakatare na yi masa bayanin Labbo da faifai. Ya saurare ni da kyau, har da rufe ido. Da ya buɗe sai ya ce an kafa ƙaramin kwamiti da zai duba yiwuwar kafa kwamitin tsofaffin makaɗa.

Da yamma na ba maƙwabcina Mas'udu mai gyaran rediyo labari.

Ya ce, "Kai ba kai kac ce a jefa Tsohuwa rijiya ba?"

Na ce ni ne.

"To mi ya hwaru?"

Na ce, "Mas'udu, shekara shida tana ɓata min rai, amma ba ta taɓa tura ni Bungudu ba."

Ya yi dariya har ya ƙone yatsa da dalma. Sannan ya shiga ɗaki ya fito da kwalin sababbin kaset goma, ya ce mu juye kiɗan Labbo a kansu tun faifan yana numfashi.

Kwana uku muka yi ni da Ishaya muna juyewa, bugu bayan bugu. A nan na lura da abubuwan da ban taɓa yaba wa Tsohuwa ba. Hannun Ishaya ya san kowane lungu nata, ko allon ba ya kallo. Duk abin da aka ba ta ajiya yana inda aka sa shi, da sunan da aka sa masa. Na kama kaina ina goge mata ƙura da bakin rigata, ina ce mata, "Yi a hankali, Hajiya, ba mai korar ki." Ishaya ya yi kamar bai ji ba. Ta sandare sau biyu, ban zage ta ba.

Rana ta uku muka aika Furfuri aka zo da matar marigayin, Inna Halimatu Sadiya, don mu ba ta kaset ɗaya. Ta zauna a bakin benci, ta ƙi shan lemo. Ishaya ya danna. Kalangu ya cika ɗakin. Da aka kai rabi ta ja mayafi ta rufe fuska. Muka sunkuyar da kai. Can sai ta ɗago ta ce, "Nan ga ya yi kure. Shekara arba'in ina hwaɗa mai nan yake kure, bai taɓa yarda ba. Ɗana, maido shi baya in sake ji."

Sau huɗu aka maido mata. Ta ɗaure kaset ɗin a bakin zane, ta sa wa Ishaya albarka, ta sa mini, ta juya ta kalli kwamfutar ta ce ita ma Allah ya yi mata albarka. Muka ce amin da ƙarfi. Faifan dai yana nan yana ƙara, muna lallaɓa shi, ba mu san ranarsa ba.

Af, na kusa mantawa. Jiya aka kawo wasiƙa daga kwamiti, a ba Labbo. Za a karrama shi da lambar yabo wata mai zuwa. An ja layi biyu a ƙarƙashin inda aka ce ya zo da kansa, ba a karɓar wakili.