Rasuwar Tocilar da Idonta Ya Koma Shuɗi

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki nake sanar da 'yan uwa da abokan sana'a cewa tocilata ta rasu. Batir ne ya kashe ta, batirin da ya fi ƙarfinta.

Ni mai gyaran wuta ne, rabin rayuwata a cikin silin take, inda ko da tsakar rana duhu ne. Marigayiyar tare muke shiga tun ban yi furfura ba. Da baki nake riƙe ta, shaidar haƙorana na nan a gindinta. Ba ta taɓa yi min ƙarya ba, jar waya ta nuna ja, baƙa ta nuna baƙa. Maganarta ɗaya ce: ƙas in an kunna, ƙas in an kashe.

Ciwon ajalin daga idona ya faro. Na yi ta mita cewa haske ya ragu. Ƙanina da muke aiki tare ya ce tsufa ne ba tocila ba, amma don in daina mita ya cire ɗan abin da ke rage mata wuta, ya ɗaura mata babban batir. Ta haska kamar ba ita ba, muka yi ta yabo. Sai zazzaɓi, har ta ƙona min leɓe. Sai farin ya fara juyewa shuɗi. Bayan ta mutu na buɗe na gani: ƙwan nata dama shuɗi ne, wani rawayan shafi ne a kansa yake mayar da shi fari, zafi ya toye shafin.

A shuɗin haske jar waya baƙa take fitowa. Ranar da ta rasu muna silin wani shago, mai shagon ya hana a kashe wuta saboda firjinsa. Ni na haska, ƙanina ya kai hannu. Mu biyu baƙa muka gani, ashe ja ce mai wuta, ta kama shi. Ina jawo shi tocilar ta yi zii, ta mutu, duhu ya cika da ƙauri. Har yau in na rufe ido shuɗin nake gani.

Ta bar filaya, tasta ta gwajin wuta, da sukundireba biyu. Batirin yana nan da ransa, ban iya kallonsa.

Za a binne ta gobe bayan la'asar a bayan shagonmu. Ƙanina ya ce shi zai haƙa mata rami. Masu zuwa su yi haƙuri in an yi jinkiri, da hagu yake haƙa. Na daman likita ya yanke shi daga wuyan hannu.