Yadda Za Ka Dawo da Wayarka Daga Shekarar 1970

Ɗana, in ka taɓa kwanan watan wayarka ta ɗauke wuta, share hawayenka. Bi matakan nan, tashi za ta yi ko tana so ko ba ta so. A gabana aka gwada su a shagon mijin 'yata, tela ne, kuma har yau yana da rai.

1. San abin da ka aikata

Shi telan ya yi wa matar likita alkawarin riga ranar Laraba. Laraba ta wuce da kwana shida bai ko sa almakashi ba. Da ya hango motarta sai dabara ta faɗo masa: ya mai da kwanan wata baya da mako guda, ya nuna mata waya, ta gani da idonta cewa ita ce mai gaggawa. Yatsansa kuwa duk allin zanen yadi ne. Ya ja, abu ya zarce, bai tsaya ba sai ɗaya ga Janairun 1970. Waya ta yi ƙif.

Awon matar likita a cikin wayar yake, babu shi ko a takarda. Ita kuwa sau ɗaya tak ta bari 'yata ta zagaya ƙugunta da tef, ta kuma rantse ranar da aka sake tambayarta ta bar shagon, ita da ƙawayenta tara.

2. Kada ka amsa laifi

Ka ce zafi ne. Ka ce kamfani ne. Tela ya gaya mata waya tana sabunta kanta, ba a son a dame ta. Ta dube shi daga hula zuwa takalmi, ta ba shi zuwa Litinin.

3. Binne ta a shinkafa

Kowa zai ce ka yi hakan. Shekara talatin na yi ina koyar da kimiyya, ban ci karo da shafin da ya ce shinkafa tana tsotse shekaru ba. Amma ka yi, yana kwantar wa maƙwabta hankali. Sai dai ka sanar da matarka, don 'yata saura ƙiris ta wanke wayar ta juye a tukunya.

4. Tara masana

Mai askin da ke jikin shagon ya ce waya ta koma zamanin da ba a ƙirƙiro ta ba, wato ba a haife ta ba ke nan, sai a yi haƙuri a jira. Mai wanki ya ce kaɗaici ne ke damunta, a jingina ta da rediyo a sa mata tsofaffin waƙoƙi. Tela ya wuni yana yi mata kiɗa.

Mai gyaran waya ko juya ta bai yi ba. Ya ce a cire ta daga caji a ajiye, batir ya ƙare ƙarƙaf. Tela ya fito yana tsaki, wai wane irin gyara ne wannan da ba a kwance ko ƙusa ɗaya ba.

5. Nemi awon ta bayan gida

Ya tambayi 'yata ko ta tuna lambar. Ta ce abin da ta tuna kawai, matar ta riƙe numfashi har idonta ya yi ja. Sai ya durƙusa ya auna lotsawar da ta bari a kujerar baƙi. Ya yanka tsohon yadi da wannan lissafi, abin da ya fito murfin keken ɗinki ne. Yana nan a kan keken, ya zauna daidai.

6. Gaji, ka ƙyale ta

Wannan ne kaɗai matakin da ke aiki, shi ya sa ba wanda ke farawa da shi. Tela ya jefa wayar cikin kwandon ƙyallaye ya koma tsara kalaman ban haƙuri. Safiyar Litinin ya sa ta a caji, don dai a ce ya yi. Matar likita tana sako ƙafa, waya ta kawo haske, ta gyara kwanan watanta da kanta, ta shiga sakin tsofaffin tunatarwa kamar ana binta. Matar ce ta fi kusa da tebur. Ta ɗauka ta karanta: "Rigar matar likita, yau. Ƙugu 46. In ta tambaya, 40."

Har mai aski ya kashe injinsa.

"Tela, wa da wa suka ga wannan?"

"Ni da ke ne, ranki ya daɗe."

Ta ajiye wayar a hankali, ta tura masa da yatsa ɗaya.

"Haddace shi. Sannan ka mai da ita inda ta fito. Na ƙara maka mako guda."

Ya haddace, ya shafa alli a yatsa, ya ja.

Gargaɗi: duk abin da ya same ka, ko wayarka, ko shinkafar gidanku, babu hannuna a ciki, kuma kada a turo mini kowa. Ni tawa wayar mai maɓallai ce, kwanan watana kuma yana rataye a bango, inda in na yi masa ƙarya ba ya suma.