A Cire Sunana, a Amsa wa Surukata

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Aika Saƙonnin Talla, Kantin Danna-Ka-Saya, mai riƙe da jerin sunayen bayin Allah, wanda bai taɓa mantawa da kowa ba.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka da na'urar da ke aiko mana da wasiƙunku, wadda ita ma ta cancanci a yi mata sannu da aiki. Ni malamar firamare ce, ɗaya daga cikin waɗanda kuke kira "iyalan kantinmu". Bara na shiga wannan dangi, ranar da na sayi dutsen guga a shafinku. A can ƙasa akwai wani ɗan akwati na amincewa da karɓar saƙonni, wanda kuka riga kuka sa masa alama don kada yatsana ya gaji. Na gode da wannan kulawa.

Abin da ba ku sani ba shi ne, imel ɗaya muke amfani da shi ni da maigidana, kuma a buɗe yake kullum a kwamfutar falo, kan teburin da ke jikin taga, inda surukata take zama da ƙwarashinta tana saƙa. Duk abin da kuka rubuto mini, gida guda kuka rubuto wa. Ga 'yan ƙorafe-ƙorafena, cikin ladabi.

Na ɗaya. Ranar Litinin kun ce rangwamen ƙarshe ne. Laraba kun ce na ƙarshen ƙarshe. Juma'a kuma an ƙara wa'adi saboda ni kaɗai. Yallaɓai, wai ƙarshen nan ƙanne nawa gare shi? Ƙanwata da muke ciki ɗaya ba ta tuna ni kamar yadda kuke tuna ni.

Na biyu. Ranar rajista na rubuta "Malama" a gurbin suna, na sake rubuta shi a gurbin sunan mahaifi. Tun daga nan kuke buɗe wasiƙa da "Ya ƙaunatacciyarmu Malama Malama". Yarana sun ɗauka, har maƙwabta sun fara. Babu wani ɗan Adam a ofishinku da ke leƙa jerin nan ko sau ɗaya a shekara?

Na uku. Ƙanena ya gama karatu, na leƙa agogon hannu don in yi masa kyauta. Na saka a kwandon sayayya na shafinku, na ga kuɗinsa, na rufe shafin na yi tafiyata. Sai ga wasiƙarku da hoton agogon ƙato: "Kin manta da wani abu! Wanda kike ƙauna yana jira." Maigidana ne ya fara gani. Sai ya cire tsohon agogonsa ya ba maigadin layinmu, ya shiga tambayata ƙarfe nawa safe da yamma, yana shafa wuyan hannunsa yana murmushi. Agogo biyu na saya a ƙarshe. Na san a wurinku wannan nasara ce, Allah ya sanya alheri.

Na huɗu, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Wata abokiyar aikinmu ta haihu, malamai suka ɗora mini sayo mata gadon jariri. Ba ku tambaye ni na wane ne ba, kuka ɗauke sunana kuka jefa cikin rukunin masu jiran haihuwa. Hotunan ƙananan riguna suka fara zubowa, da shawarwarin yadda mai juna biyu za ta kwanta. Surukata ta karanta su tas.

Da safe ina shara ta karɓe tsintsiyar daga hannuna, ta ce, "Zauna, 'yata, ki huta." Ta hana ni ɗaukar bokiti, ta hana ni hawa kujera in goge fanka. Ni kuwa na miƙe ƙafa ina jin daɗi, na zaci tsufa ne ya ƙara mata tausayi. Sai gwaggonnin maigida suka fara bugo waya suna tambayar ya ƙarfin jiki. Yallaɓai, autana yana ajin ƙarshe a sakandare!

Ranar da ta kira ni ɗakinta ta ɗora mini wata 'yar safar jariri ruwan ɗorawa da ta saƙa a tafin hannu, ranar na gane. Na zauna a bakin gadonta na yi mata bayanin komai. Ta daɗe tana lanƙwasa safar tana warwarewa. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Can ta ɗago ta ce, "To, su wa suka rubuto ƙaryar?" Na ce na'ura ce, Mama. Ta ce, "Na'urar ba ta da mai ita?"

Na biyar. Na nemi inda ake cire suna. Sai da na ari tabarau na gano shi, rubutu siriri launin toka a kan farin shafi, kamar mai jin kunyar a gan shi. Na danna, kuka ce na tabbata? Na tabbata. Kuka nuno mini hoton kwando yana hawaye. Kuka aiko wasiƙar shaidar an cire ni, da wata ta tambayar ko na gamsu da yadda aka cire ni, sannan bayan mako guda wata mai cewa kun yi kewata. Yaushe na tafi har aka yi kewar?

Saboda haka ina roƙo, don girman Allah, a cire sunan Malama Malama cirewa ta gaskiya. Nan gaba kuma a riƙa tambayar mutum kafin a rubuta shi, a kuma tambaye shi kafin a yi masa albishir da jariri.

Saura magana ɗaya. Surukata tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya ce, a kan kantar karɓar wasiƙu ta yi furfura. Ta ce duk tsawon aikinta ba ta taɓa ganin wasiƙar da aka rubuta mata "kada a amsa" a goshi ba, sai taku. Ita dai ta amsa kowace ɗaya. Tana gaishe ku, tana tambayar lafiyar iyayenku, tana gyara muku rubutu, sannan ta nemi sunan wanda ya ce surukarta na da ciki. Har yau ko ɗaya ba ku mayar mata da amsa ba.

Jiya ta sa an buga mata duk wasiƙunku a takarda, ta jera su bisa kwanan wata, ta ɗaure da zaren saƙarta. Ta kuma samo adireshin ofishinku. Ta ce ranar Litinin tana nan tafe da kanta, za ku bi su tare ɗaya bayan ɗaya. Ina ba da shawara a tanadar mata kujera mai jingina, kai kuma ka karya kumallo da kyau. Ba ta da faɗa, ba ta kuma da gaggawa.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa kantinka albarka, ya ba ka juriya.

Taka mai biyayya har kullum,
Malama Malama,
ta ajin 'yan shekara bakwai.