Ƙafafu a Ƙarƙashin Motar Malam

"Lafiya lau, in ban da ganinka da ke ƙara mini ciwon ido," in ji Kaka. "Miji ke nan, sai an aika an kira shi."

Jikanta bakanike ya ajiye jakar kayan aiki kusa da tsohuwar akori-kurar kakansa, wadda ke fake a tsakar gida tun rasuwarsa. Baffanninsa sun riga sun yanke magana: in ya duba ya ce tsatsa ta cinye ƙarfen ƙasanta, 'yan gwangwan za a kira. Kaka ta sani, shi ya sa yau bakinta ya fi na kullum kaifi.

"Tsohuwa, wa ya yi wa motar nan wanka da baƙin mai? Har madubi bai tsira ba!"

"Ni ce. Haka Malam ke yi kafin damina."

"A ƙasa yake shafawa, inda ruwa ke kwana! Ya kankare tsatsa da burushin ƙarfe, ya sa jan fenti, sannan mai. Ke ciwo na ƙafa, kin shafa magani a goshi."

"Gwiwa ce ta ƙi lanƙwasuwa, ja'iri. Da na dace da miji, ai ba ni zan ɗauki gwangwani ba. Rashin uwa ke sa a yi uwar ɗaki."

"Ni fa haƙuri nake yi. Wa ke son matar da haƙoranta suka riga na mota zubewa?"

"Kai da ko gemu sai an yi maka ciko!"

Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin motar. Kaka ta zauna a kujerarta tana jin ƙarar burushi, jan garin tsatsa na zubowa ƙasa. Ƙafafunsa kaɗai ke waje, ɗaya kan ɗaya, babban yatsa na motsi. Haka marigayin ke yi, sak. Kewarsa ta taso mata, bakinta ya riga hankalinta.

"Malam, in kawo maka ruwa?"

Burushi ya tsaya.

"Yau kuma ni ne Malam?" in ji jikan.

"Bar wasa. Motar ta ƙare, ko?"

"Tsatsa ta ci wuri biyu, har sukundireba ya shige. Amma duk inda hannun Malam ya shafa, ƙarfe na nan garau. Ke da ita halinku ɗaya, tsufa a waje, taurin kai a ciki. Walda zan yi mata. A gaya wa su Baffa, matata ba ta sayar da kayanta."

Kaka ta yi dariya tana share ido da bakin mayafi. Ta lallaɓa ɗaki, ta fito da rigar aikin marigayin, har yanzu da warin mai a jikinta, ta jefa masa.

"Ka ci, angona. Ungo, saka. Amma don Allah ja ƙafafun nan ciki, ba zan iya kallonsu ba."